Rabon Tsuntsu a Itacen Gona

Da wuya yau ka bi hanyar da ta taso daga Gidan Rumji ta ratsa Maradi ta nufi Agye da Gazawa ka ga gonar hatsi da babu itace a cikinta. Gawo ne, kalgo ne, sabara ce, aduwa ce, nan da can magarya da taramniya, waɗansu sun isa a zauna a inuwarsu, waɗansu ba su wuce tsawon mutum ba. Masu bincike da suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou, sun ƙiyasta cewa manoman kudancin Nijar, musamman na jihohin Maradi da Damagaram, sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a kan gonaki masu faɗin hekta miliyan 5, kuma kusan babu wanda aka dasa a cikinsu. An sha yin magana a kan abin da mutane suka samu: itacen girki, abincin dabbobi, taki, da kuɗin kashewa da rani. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne matsayin sauran masu cin itacen, waɗanda babu wanda ya gayyace su, wato kurciya da cilakowa, kurege da bushiya, ƙudan zuma da jemage. Shin abin da suka ci asara ce da manomi yake haƙuri da ita don ba shi da yadda zai yi, ko kuwa rabo ne da aka yanka musu tun asali? Ni a ganina rabo ne. Manomin da ya bar itace a gonarsa ya shiga wata ibada wadda sau da yawa bai ma san ya shiga ba, kuma ibadar tana da sharuɗɗan da ya kamata a faɗa masa.

Sai an tuna yadda gonakin suka zama fili kafin a ji nauyin maganar. Dokar daji da Faransa ta kafa a 1935 ta sa itatuwa a hannun hukuma, dokar Nijar ta 1974 kuma ta bi sawunta, har ta jera itatuwan da ba a taɓawa sai da izini, gawo a cikinsu. Manomi zai iya shan tara a kan gawon da ya tsiro a gonar ubansa. To, itacen da ba naka ba, wanda kuma zai iya jawo maka ma'aikacin gandun daji har gida, me zai sa ka bar shi ya girma? Sai a kashe shi tun yana tsiro. Noman gyaɗa da garmar shanu suka zo suka ƙara, malaman gona suna koyar da cewa gonar kirki ita ce wadda aka share fes. Daga nan sai farin 1973, sai na 1984, iska ta riƙa binne shuka da rairayi har manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina ɗaya. A watan Mayun 1984 gwamnatin Seyni Kountché ta yi babban taro a Maradi kan kwararowar hamada, amma maganin da hukumomi suka fi sani a lokacin shi ne rainon dashe a leda, dogon yaro da turare, waɗanda galibinsu ba sa ganin damina ta biyu. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostireliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maradi, shi ne ya lura a 1983 cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa kowace shekara tofon tsofaffin kututture ne, masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. A yunwar 1984 aka ba mutanen ƙauyuka kusan ɗari abinci bisa sharaɗin su bar tofon, aka raya itatuwa wajen rabin miliyan. Da abincin ya ƙare sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku. Waɗanda suka bar nasu su ne suka ga amfani, maƙwabta suka gani a wurinsu, abin ya bazu daga gona zuwa gona da sunan sassabin zamani. A Ɗan Saga ta ƙasar Agye mutanen gari suka kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki. Hukuma ta biyo baya a makare, da sabuwar dokar daji a 2004 da kuma dokar 2020 da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raya.

Hujjar farko ta addini sananniya ce. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka albishir da ladan sadaka a kan duk abin da tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci. Abin lura shi ne an jera tsuntsu da mutum a layi ɗaya na masu karɓar sadaka, ba a ware na farko a matsayin ɓarna ba. Wannan ya dace da ayar Suratul An'am da ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu, da ta Suratu Hud da ta ce arzikin kowace dabba yana wuyan Allah. Idan arzikin kurciya yana wuyan Allah, kuma Allah ya ajiye shi a kan aduwar da ke gonar wani, to mai gonar hanya ce da arzikin ya biyo, kamar yadda shi ma nasa yake biyowa ta hannun wasu. Sai dai mai tsantseni zai ce hadisin dashe ya ambata, mutumin Ɗan Saga kuwa bai dasa komai ba, bari kawai ya yi, kuma ba a biyan mutum ladan abin da bai aikata ba.

Wanda ya san yadda ake sassabin zamani ba zai kira shi zaman banza ba. Kafin damina manomi yana bin gonar kututture bayan kututture. Ya tarar da gindin kalgo ya yi tofo ashirin ko talatin, cunkus, babu wanda zai kai ko'ina don suna rabon ƙarfin saiwa ɗaya. Ya duba ya zaɓi miƙaƙƙu masu ƙarfi, daga ɗaya zuwa biyar, ya datse sauran da gatari mai kaifi, yana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Waɗanda ya bari ya rage musu rassan ƙasa har zuwa rabin tsawonsu, wani lokaci ya ɗaure su wuri ɗaya da tsumma don mai neman itace ya san akwai mai su. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa, ya yi faɗa da akuya, ya yi faɗa da mai sara da dare. Wannan raino ne, kuma raino ya fi haihuwa wuya. Ko da ma a ce bari ne zalla, malaman usulu mafi yawansu sun tafi a kan cewa kame kai daga abu da gangan aiki ne. Azumi kansa kamewa ne, ga shi kuwa rukuni. A mazhabarmu ta Malikiyya bari yana iya jawo wa mutum biyan diyya: Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan Maradi da Katsina, ya ɗora lamuni a kan wanda ya wuce dabbar farautar wani tana shirin mutuwa, yana da ikon yankawa, ya ƙi. Shari'ar da take kama mutum a kan barin da ya ɓata dukiya ba za ta hana shi lada a kan barin da ya raya itace ba. Manufar dashe ita ce a samu itace mai rai da halitta za ta ci, kuma a ƙasar da dashen leda yake mutuwa tofon kututture yake rayuwa, mai raino ya fi mai dashe kusa da manufar.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ƙarfi, ita ce ta niyya. Ayyuka da niyya suke, kuma tarihin da muka kawo ya nuna a fili cewa ba don tsuntsu aka bar itatuwan nan ba. Da farko don abincin agaji ne, shi ya sa aka sare su da ya ƙare, daga baya kuma don itacen sayarwa da ƙwaƙƙwaran hatsin da ke fita a gindin gawo. Ta yaya za a rubuta wa mutum sadakar da bai yi nufi ba? Amsar tana cikin ruwayar Muslim daga Jabir, wadda ta ƙara da abin da namun daji suka ci da abin da aka sace. Babu manomin da yake shuka da niyyar ciyar da ɓarawo, duk da haka an lissafa masa abin da ɓarawon ya ɗauka. Wannan ya nuna cewa niyyar da ake bukata ta asalin aikin ce, wato neman halal da raya ƙasa, ba sai an yi wa kowane baki niyya daban ba. Waɗansu masu sharhin Buhari sun faɗi haka, har suka ce ladan yana nan ko da mai dashen ya sayar da gonar, Imam Nawawi kuma ya ce yana gudana muddin itacen da abin da ya haifa suna nan. Amma bai kamata a tsaya a nan ba, domin niyya tana da wani aiki bayan lada, ita ce take tsare aiki ranar da riba ta janye. Itacen da aka bari don kuɗi kaɗai, ranar da farashin itacen girki ya tashi a kasuwar Maradi ya gama yawo. Wanda ya san akwai masu haƙƙi a kan itacen ban da shi, zai yi tunani sau biyu kafin ya kai shi ƙasa. Saboda haka ban ga dalilin da zai sa limamai su bar wannan magana a hannun ma'aikatan ayyukan raya karkara kaɗai ba.

Idan an yarda cewa abin da halitta ta ci shi ne ma'aunin sadakar, to dole a yarda cewa itatuwa ba ɗaya suke ba. Waɗansu masana tsuntsaye 'yan Holan, Leo Zwarts da abokan aikinsa, sun shafe shekaru suna ƙirga tsuntsaye itace bayan itace daga Senegal har Habasha. Sun gano cewa tsuntsaye masu cin ƙwari, har da waɗanda ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi rani a wurinmu, sun taru ne a kan 'yan itatuwa kaɗan, galibi masu ƙaya, gawo da aduwa da danginsu, dogon yaro da turare kuwa kusan wayam. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga manomi. Itace mai ƙaya da ƙayarsa yake kare kansa daga akuya da raƙumi, ganyensa kuwa mai ciwuwa ne, don haka tsutsa take samunsa, tsuntsu ya samu tsutsa. Dogon yaro da ɗaci yake kare kansa, ɗacin da ya sa ake zuba ganyensa a cikin wake don korar ƙwari. Shi kuwa gawo sai ka ce don masu yunwar rani aka yi shi. Yana zubar da ganye da damina, ya bar wa hatsi rana da taki, sa'an nan ya yi kore ya yi fure bayan ɗaukewar ruwa, daidai lokacin da sauran daji yake bushewa. Zuma ta sami fure, mai amya ya sami zuma, can cikin rani 'ya'yansa su zubo wa tumaki da shanu. Ba banza ba ne ake ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimun ya sa hukunci mai tsanani a kan mai saran gawo tun a ƙarni na 19. Wannan ba zagin dogon yaro ba ne. Ya yi mana inuwa a kasuwa da makaranta, ya tare iska a kwarin Majiya ta jihar Tawa, jemage ma yana cin 'ya'yansa. Amma bikin dashen itace na ranar 3 ga Agusta da ake cika shi da baƙin itatuwa, a ƙirga yawan ramuka a tafi, ya ciyar da rahoton hukuma fiye da yadda ya ciyar da tsuntsu.

Ga kuma ƙorafin da ya fi kowane zafi, wanda mai rumbu ne yake yin sa: tsuntsu yana cin hatsi. Wanda ya ga garken jan baki ya sauka a gona lokacin da zangarniya ta yi madara, ya ga yara suna kaɗa gwangwanaye tun asuba har muryarsu ta dushe, ba zai so a yi masa wa'azin rabon tsuntsu ba. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa aka share gonaki tun farko ke nan, tsoron kada itace ya zama masaukin ɓarayin hatsi. Ba a amsa wannan da cewa a yi haƙuri. Shari'a ba ta ce mutum ya zuba ido a cinye abincin 'ya'yansa ba. Ƙa'idar hana cuta da cutarwa tana cikin Muwaɗɗa, an kuma halatta kashe waɗansu dabbobi masu ɓarna ko a cikin harami. Kora halal ce, kuma abin da ya tsere wa korar shi ne aka ce sadaka. Tambayar ita ce ko saran itace yana maganin abin, kuma a nan shaida ba ta goyi bayan gatari ba. Jan baki a cikin kurmin ƙaya da ciyayin fadama yake kwana yana hayayyafa, dubbai a wuri ɗaya, kuma yana tafiyar kilomita da yawa neman abinci, gonar da babu itace ba ta gagare shi ba. Gaskiya ne akwai masu saƙa gida a itacen gona suna taɓa hatsi, irin su kabare. Sai dai itacen da ya sauke su shi ne kuma ya sauke masu cin tsutsa. Binciken da aka yi a gonakin gero na Senegal ya nuna tsuntsaye suna rage tsutsar zangarniya, tsutsar da takan lalata amfanin gona sosai a Maradi har cibiyar INRAN take kiwon wani ɗan ƙaramin ƙwaro tana sakinsa a ƙauyuka don ya kashe ta. Shamuwa da balbela kuwa fara suke ci, kuma shamuwa galibi a kan dogon itace take sheƙa. Wanda ya sare itace don ya huce a kan jan baki ya kori masu gadinsa, ɓarawon kuma yana nan.

Akwai masu wata damuwa ta daban, ta aƙida. A ƙasar Gobir da Katsina an daɗe ana danganta tsamiya da kuka da iskoki, ana yanka a gindinsu, har yau kuma bori bai mutu ba. Suna tsoron kada girmama itace ya buɗe ƙofar da aka sha wahalar rufewa, suna kawo labarin itacen Zatu Anwaɗ da Annabi ya tsawatar a kansa a hanyar Hunaini, da abin da aka ruwaito cewa Umar ya sa an sare itacen da mutane suka riƙa zuwa salla a gindinsa. Tsoron yana da tushe, amma ba nan ne wurinsa ba. Abin da aka hana shi ne neman albarka ko tsari a wurin itace. Annabin da ya hana wannan shi ne ya haramta saran itatuwan Madina da farautar namunta, ya kuma keɓe makiyayar Naƙi'u. Abubakar ya hana rundunar da ya aika Sham saran itace mai 'ya'ya, a cikin yaƙi ke nan. Abu Dawud ya kawo gargaɗi mai tsanani a kan saran magarya, ya kuma bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi suke fakewa a inuwarta, a sare ta ba da wani haƙƙi ba. Mai bautar itace yana ganin itacen ya fi shi, mai raino kuwa yana ganin amana ce a hannunsa da za a tambaye shi. Ina ma zargin cewa inda aka kawar da tsoron iskoki ba a maye gurbinsa da sanin amana ba, manyan itatuwan da tsoro ya tsare shekaru aru-aru su ne suka fara faɗuwa.

Duk da haka kada alkaluman miliyoyi su ruɗe mu. Gona mai itatuwa ba daji ba ce. Giwayen da a da suke shigowa dajin Baban Rafi ba sassabin zamani ne zai dawo da su ba, raƙuman dawa takwas da aka kai gandun Gadabeji a 2018 ma a mota aka ɗauko su daga yankin Kure. Abin da ke dawowa gona ƙananan halittu ne, su ma gwargwadon abin da aka bar musu. Itatuwan da suka fi yawa a gonakin Agye da Gidan Rumji su ne masu saurin tofo da saurin shiga kasuwa, sabara da kalgo da geza. Waɗanda suka fi ciyar da halitta da 'ya'yansu, kanya da ɓaure da ɗanya da tsamiya, sun yi ƙaranci a wurare da yawa, domin inda kututturensu ya mutu babu abin da zai yi tofo, sai an shuka iri an kewaye shi da ƙaya shekaru kafin ya fi ƙarfin akuya. Gawon ma da ake yabo, idan aka yi masa aski kwal kowane rani don dabbobi, ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sunan itace kawai ya rage masa. Tsohon itace mai kogo, wanda mai gona yake gani kamar ya gama amfani, shi ne gidan cilakowa da mujiya da zuma, kuma shi ne gatari yake fara nema. A nan ne za a gane bambancin wanda ya bar itace don kansa da wanda ya san akwai masu rabo tare da shi. Kwamitocin ƙauyuka irin na Ɗan Saga sun riga sun nuna suna iya hana satar itace da cin tarar mai sara. Ba zai gagare su ba su ƙara ƙa'ida biyu ko uku a kan waɗanda suke da su: kada a yi wa gawo sara sai an bar masa kaso na rassansa, kada a taɓa itacen da shamuwa ta yi sheƙa a kai, kuma kowace gona da ke bakin Gulbin Maradi ko Gulbin Kaba ta raini kanya ko ɓaure ko da guda ɗaya, ko da mai gonar ba zai kai ga cin 'ya'yansa ba.